Takunkumin aro: yadda wata kwaleji a Yamai ta yi da dokar rufe baki da hanci a 2020

Ranar Laraba 3 ga Yuni 2020, kwana na uku da komawa karatu, na zagaya bayan azuzuwan zana don in ga abin da ke tara yara a gindin katanga tun kafin a buga ƙararrawa. Na tarar da yaron da ya riga ya shiga yana kwance takunkuminsa. Ya sa ɗan dutse a ciki, ya dunƙule, ya jefa ta kan katanga. Na waje ya cafe, ya kakkaɓe ƙasa, ya ɗaura, ya zagayo ta ƙofa ya gaishe da masu tsaro, aka ce masa ya shige. Ina tsaye, takunkumi ɗaya ya shigo da yara uku. Lokacin da ya kai ga na ukun ya jiƙe da gumi da numfashin mutum biyu.

Ni malamin Faransanci ne a wata kwalejin gwamnati da ke gefen birnin Yamai, kuma ina cikin waɗanda aka ɗora wa tsaron ƙofa a wancan mako. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda muka karɓi dokar sanya takunkumi, inda muka yi kuskure, da gyaran da muka iya yi cikin kwanakin da suka rage mana.

Ranar 17 ga Maris shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sanar da rufe iyakoki da filayen jirgin sama, makarantu kuma aka rufe su daga 20 ga wata. Ranar 19 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a ƙasar, a nan Yamai. Ƙarshen watan aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka killace birnin, ba shiga ba fita. An rufe masallatai, azumi kuma ya zo ya same mu a haka. Sai 13 ga Mayu aka sake buɗe wuraren ibada, sannan aka ce makarantu su koma ranar 1 ga Yuni, a yi kwana 45 ana ƙarasa manhaja kafin jarrabawa. Sharaɗin komawa uku ne: wanke hannu, ba da tazara, da rufe baki da hanci. Ƴan Yamai babet suke ce wa takunkumin, daga Faransanci, kuma sunan da yara suka riƙe ke nan.

Ƙarancin takunkumi ba daga nan ya faro ba. Tun 3 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta yi gargaɗin cewa ma'aikatan lafiya na buƙatar takunkumin likita miliyan 89 kowane wata, farashinsa kuma ya ninka sau shida. A lokacin kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi a Sin ake yin sa, Sin ɗin kuma ita annobar ta fara kamawa. Ƙasashe masu kuɗi suka yi ta wawason abin da ya rage. Mu da ba mu da teku, kayanmu sai sun biyo ta Kwatano ko Lome, a ƙarshen layi muke. Ga kuma iyakar Najeriya da a lokacin take rufe tun Agustan 2019, saboda haka yadi da zare da roba da ke shigowa daga Kano ta Maraɗi da Konni duk sun yi tsada kafin ma a ji sunan korona.

Ko da na likita ya wadata a kantin magani, lissafinsa ba ya hawa kan aljihun iyayen ɗalibanmu. Ba a wanke shi, da ya jiƙe an gama da shi. Mu ɗauka ana sayar da ɗaya dala 40, wato sefa 200. Magidanci mai yara biyar a lakwal zai kashe jika ɗaya kowace safiya, jika 22 a kwanakin karatu na wata guda, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar a lokacin sefa 30,047 ne, yawancin iyayen kuma ko albashin ba su da shi. Ƴan tebur ne, da masu gadi, da leburori, da mata masu tuyar ƙosai waɗanda dokar hana fita ta karya wa jari. Tun farko ke nan maganar takunkumin tela ake yi, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Hukuncin ƙofa

A taron malamai na jajibirin komawa mun tsayar da magana cikin minti kaɗan: wanda ba shi da takunkumi ba ya shiga. Ba wanda ya ja, ni ma ban ja ba. Tsoro ne ke magana a bakinmu. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da cutar a farkon Mayu, kuma cikinmu akwai masu hawan jini da ciwon sukari da masu tsofaffi a gida. Wani kaso na takunkumi ya iso mana daga sama, amma da aka buɗe kwalin aka ga ko azuzuwan jarrabawa ba zai zagaye ba. Sai muka raba wa malamai da ƴan ajin ƙarshe masu shirin BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, sauran aka ce kowa ya zo da nasa.

Tazarar mita ɗaya da aka ce a bayar ta mutu tun ranar farko. Na auna ajina da kaina, faɗi mita 7, tsawo mita 9, ɗalibai sun haura 70, bencin mutum biyu yana ɗaukar uku, wani lokaci huɗu. Wanke hannu kuwa ya dogara ga famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa sai tsakar dare a lokacin zafi. Cikin sharuɗɗan uku takunkumi ne kaɗai ake iya gani da ido a ƙofa, shi ya sa duk ƙarfinmu ya koma kansa. Yanzu da na waiwaya, ina ganin mun kama shi ne don shi kaɗai ke ba mu damar cewa mun yi wani abu.

Safiyar Litinin na ga abubuwa iri-iri a fuskokin yara. Akwai na atamfa mai falle ɗaya, akwai hankici, akwai irin baƙin nan da ƴan kabu-kabu ke sawa saboda ƙurar hunturu, akwai na likita da aka wanke aka shanya har shuɗinsa ya koɗe. Wasu samari sun naɗo rawani. Ƴan mata da yawa sun ja hijabi sun rufe hanci. Mun bar duk abin da ke da siffar takunkumi ya wuce, mun mayar da masu hijabi da rawani. Watau mun duba siffa, ba mu duba aiki ba, don rawani mai ninki uku ya fi hankicin da muka amince da shi tare numfashi nesa ba kusa ba.

Cikin waɗanda na mayar akwai wata yarinya ƴar aji na biyu, mai natsuwa, wadda ke cikin masu ƙoƙari a shifta. Ta ce, “Mushe, ai na rufe.” Na ce, “Ƴata, ba wannan aka ce ba, koma gida ki samo.” Talata ta sake zuwa da hijabin, na sake mayar da ita.

Abin da na gani a bayan katanga ranar Laraba shi ya nuna mini me hukuncin ya haifar. Ya raba yara gida biyu. Masu wayo sun shiga da takunkumin aro, wanda ke ɗauke da yawun wani zuwa hancin wani, abin da ya fi shiga da buɗaɗɗiyar fuska haɗari. Masu kunya da masu gaskiya sun koma gida. Rajistar kiran suna ta nuna gurabe da yawa a ƙananan azuzuwa, kuma sunayen mata sun fi yawa a ciki. Yarinyar da ta yi wata biyu da kwanaki a gida tana talla da raino, in ta dawo aka ce mata koma, gidan ba zai sake turo ta da ƙarfi ba.

Zaman da aka yi da iyaye

Darakta ya kira kwamitin kula da makaranta, COGES, da ƙungiyar iyaye, da ƙungiyar uwaye, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ranar Asabar. Zaman ya yi zafi, kuma ya dace ya yi. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin mai korona da idonsa ba, kasuwar Katako cike take, Babbar Kasuwa cike take, motocin haya na faba-faba na ɗaukar mutane kamar kullum, don me sai ɗansa za a hana karatu saboda ƙyalle. Ban ɗauki maganarsa a matsayin jahilci ba. A ranar da aka buɗe makarantu waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk faɗin ƙasar ba su cika 1,000 ba. Mutanen nan kuma sun san annoba. A Afrilun 2015 sanƙarau ya sa an rufe makarantun Yamai, iyaye sun yi layi a kantunan magani suna neman allurar rigakafi da kuɗinsu, ba wanda ya roƙe su, don sun ga yaran maƙwabta na sanƙarewa. Korona kuwa a rediyo suka fi jin ta, abin da suka gani da ido shi ne masallaci a kulle da tarzomar da ta tashi a unguwanni irin su Lazare ana gab da azumi. Wanda aka hana jam'i da tarawi ba ya zuwa wurin jin bayani da zuciya a sake.

Malamin kimiyyar halittu ne ya sauko da zancen ƙasa. Ya ce yaro na iya ɗaukar cutar ba tari ba zazzaɓi, ya kai wa kakarsa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma takunkumi ya fi kare na kusa da kai fiye da kai mai sawa. Da aka ambaci kaka sai wuri ya yi shiru. Kusan kowane gida a unguwar akwai tsohuwa.

Mafita daga wajen mata ta fito. Shugabar ƙungiyar uwaye, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce matsalar ba ta ɗinki ba ce. Teloli sun cika unguwa, kuma tun Afrilu suke ɗinka babet suna rataye shi a ƙofar shago. Matsalar ita ce na biyu. Yaro mai takunkumi ɗaya, in an wanke da dare bai bushe ba, ko ba a wanke ba don ruwan bido na girki ne, ko ƙaninsa ya ɗauka ya yi wasa da shi. Ta ce a ɗinka wa kowane yaro biyu, kada kuma su tafi da su gida. Makaranta ta riƙe, makaranta ta wanke.

Abin da aka tsara ke nan. Iyaye uku teloli suka karɓi aikin a kan kuɗin zare da ɗan na goro. Aka sayi yadin auduga da abin da ke asusun kwamiti da karo-karon malamai. A daidai makon ne, 5 ga Yuni, OMS ta fitar da sabuwar shawara kan takunkumin yadi: falle uku, na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya wani abu mai tacewa wanda ba saƙa shi aka yi ba, na waje mai ture ruwa kamar na leda-leda. Na tsakiyar ba mu same shi ba. Wani tela ya gwada farin abin nan da suke sawa a wuyan riga don ya tsaya, amma mai gam ne, da aka ɗaura sai numfashi ya gagara. Muka tsaya a kan auduga falle uku mai saƙa a matse. Gwajinmu shi ne a ɗaga yadi a rana, in ana hango haske ta tsakanin zare, a ajiye shi.

Roba ta yi wuya a kasuwa, sai aka yi maɗauri da yadin kansa, igiya huɗu ana ɗaurewa a ƙeya. Rashin robar ya zame mana alheri. Mai maƙalewa a kunne ba ya yi wa mai hijabi, sai ta cire ko ta tura hannu ciki, mai igiya kuwa a kan hijabin ake ɗaure shi. Kuma ba ya saki in an tafasa, ba ya cin bayan kunne.

Kowane ɗalibi aka ba shi lamba, aka rubuta ta da biro a maɗauri aka bi da zare. Fari na Litinin da Laraba da Juma'a, shuɗi na sauran kwanaki, don a gane da kallo ɗaya wanda ya maimaita na jiya. Da safe shugaban aji ya wanke hannu ya raba. In an tashi kowa ya jefa nasa a bokitin ajinsu. Uwaye biyu-biyu suna karɓa-karɓa, su wanke da sabuni, su tafasa na minti ɗaya a tukunyar biki, su shanya a igiya tsakanin itatuwa. Ranar da itace ya yanke sai a jiƙa a ruwan jabel mai sauƙi, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, minti ɗaya a ɗauraye sosai, don in ba a ɗauraye ba warinsa na sa yara tari. Ƙofa kuma aka buɗe ta ga kowa. Wanda nasa bai fito daga wurin tela ba ya shiga da hijabi ko rawani mai ninki, a zaunar da shi kusa da taga.

An yi mana ƙorafi cewa yara na tafiya gida baki buɗe. Gaskiya ne, kuma mun zaɓi hakan da saninmu. Yawancinsu a ƙasa suke tafiya, a sarari, iska na kaɗawa. Inda haɗarin ya taru shi ne ɗakin da mutum 70 ke shaƙar numfashin juna na awa biyar ko shida. Har yau ina ganin zaɓin daidai ne.

Inda tsarin ya yi rauni

Ruwa ne ya fi cin kuɗi, ya fi yadin. Kullum sai an kira ƴan ga-ruwa sun cika tano biyu, wato manyan duro, ɗaya na wanke hannu, ɗaya na wankin takunkumi, kuma a makonnin da famfo ke ƙafewa farashinsu hawa yake. Da damina ta kankama a ƙarshen Yuni sai wata matsala ta zo. Guguwar da ke gaban hadari ta kan zubar da igiyar shanya a ƙasa, a sake wanki daga farko, in kuma an kwana ana ruwa a wayi gari da danshi. Sau biyu muka yi karatu da na jiya saboda na ranar bai bushe ba.

Kuɗin bai kai kowa a lokaci guda ba. Mun fara da ƴan jarrabawa, muka sauko, ƴan ajin farko sai a mako na huɗu nasu ya fito, saura ƴan makonni a rufe. Su ne kuma ke cikin azuzuwan zana, su ne mafi cunkoso. Abin da ya ɗan rage mini damuwa shi ne zana ba ta tare iska kamar siminti.

Akwai kuma nauyin da ya faɗa kan matan nan. Mace ta bar tuyarta ko ɗinkin hularta ta zo ta tsaya kan tukunya da tsakar rana, ba sisi. Mun yi ta yi musu godiya a taro, amma godiya ba ta sayen hatsi. Da an ware musu ko dala 100 a rana daga farko da ya fi adalci, kuma da tsarin ya fi daɗewa.

A cikin aji, zafi shi ne abokin gaba. Watan Yuni a Yamai, ƙarƙashin kwano, falle uku na auduga ya kan jiƙe kafin ƙarfe 11, jiƙaƙƙen takunkumi kuma ba ya aiki. Yara su kan sauke shi zuwa haɓa da zarar malami ya juya ga allo. Maimakon bulala muka sa hutun minti biyar bayan kowane darasi, a fita layi-layi ƙarƙashin itace, a kwance igiyar sama, a sha iska a koma. Wannan ya rage saukewa a ɓoye fiye da duk tsawar da muka yi a makon farko.

Ni kaina na fi kowa karya doka. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci a gida da ido yake koyon rabin Faransanci. Bambancin “dessus” da “dessous” ɗan ƙanƙani ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, in murya ta biyo ta cikin yadi duk ɗaya ne a kunnensa. Na bencin baya kuwa ko muryar ba ta kai masa ta cikin yadi. Ranar shifta ta farko kurakurai suka yi yawa har a takardun waɗanda ba su saba yi ba. Daga nan na janye bencin gaba baya, na tsaya a bakin ƙofa inda iska ke fita, na kan sauke takunkumi in faɗi jimla in mayar. Na san a lokacin ni ne mai magana da ƙarfi, wato ni ne na fi kowa watsa abin da ke bakina. Na auna tsakanin wannan da faɗuwarsu a jarrabawa na ɗauki abin da na ɗauka. Malamin lissafi ya fi ni sauƙi, allo ke yi masa magana.

A firamaren da ke maƙwabtaka da mu abin ya fi wuya. Ƙananan yara na tsotsar takunkumi, suna share majina da shi, suna musanya saboda wani ya fi wani kyan zane. Sai 21 ga Agusta OMS da UNICEF suka fitar da bayani kan yara: ɗan shekara 5 zuwa ƙasa kada a sa masa, daga 6 zuwa 11 a duba yanayin wurin da ko akwai babba mai lura, daga 12 zuwa sama kamar manya. Malaman can sun gane haka da kansu tun a makon farko na Yuni.

An yi jarrabawa a Agusta. Da aka dawo sabuwar shekara a Oktoba takunkuman na nan a kabad, amma asusun kwamiti ya ƙare kuma tsoro ya kwanta. Wanki ya koma sau biyu a mako, daga baya ya tsaya. A Disamba cutar ta sake tashi, aka rufe makarantu daga tsakiyar wata zuwa farkon Janairu, a daidai lokacin da filayen gari ke cike da tarukan yaƙin zaɓen 27 ga Disamba. Da muka koma muka fito da tukunya aka ci gaba, wannan karon da ɗan abin hasafi ga uwaye, hunturu kuma ya taimaka, don yara da kansu ke neman abin tare ƙura.

Ma'aunin da ke hannuna rajistar kiran suna ce. Bayan an buɗe ƙofa a mako na biyu yawancin guraben sun cike, waɗansu kuwa ba su cike ba. Cikinsu har da na yarinyar da na mayar sau biyu. A mako na uku muka je gidansu ni da Hajiya, da takunkumanta biyu a leda, fari da shuɗi, da lambarta a jiki. Ba ta nan, ta bi gwaggonta kasuwa inda take taya ta sayar da fura. Kakarta muka tarar a zaure. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, mun zo ne a kan karatun jikarki, an gyara abin, ta dawo gobe.” Ta karɓi ledar, ta juya ta a hannu, ta miƙo mini. Ta ce, “Malam, ku kuka ce ta koma gida, ta kuwa koma.” Mun sake zuwa a Oktoba, aka ce an kai ta ƙauye wajen dangin uwarta. Ledar na mayar da ita kabad tare da sauran.